Babur Mai Ƙafa Ɗaya: Matsalar Sarrafa Shi da Tsayar da Shi

GABATARWA

Duk abin hawan da aka saba gani a kan hanya, ko keke ne ko babur ko mota, yana da aƙalla ƙafa biyu, kuma an raba wa ƙafafun nan aiki. Ta gaba ita ce ke bin umurnin matuƙi wajen shan kwana, ta baya kuwa galibi ita ce ke karɓar ƙarfin inji ta tura abin gaba, sa'an nan tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke hana abin hawan kifewa ta goshi ko ta ƙeya idan aka taka birki ko aka ba da wuta. Saboda sabo, ba kasafai akan lura da wannan rabon aiki ba. Amma fiye da shekara 150 ke nan waɗansu maƙera a ƙasashen Turai da Amurka suna ƙoƙarin tara ayyukan nan duka a kan ƙafa guda. Sun ƙera, sun hau, har sun yi gudu mai ban mamaki, duk da haka abin da suka ƙera bai taɓa zama abin hawan jama'a ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin haka. Za a ga cewa sa ƙafa ɗaya ta yi gudu abu ne mai sauƙi, wuyar aikin tana wajen juya ta da tsayar da ita, domin kuwa abin da matuƙi yake da shi na yin waɗannan ayyuka biyu shi ne nauyin jikinsa da na injinsa kawai, nauyin nan kuwa yana da iyaka.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita suna, tun da yake Hausa ba ta da keɓaɓɓiyar kalma ta wannan abu. "Babur mai ƙafa ɗaya" ya wadatar, sai dai iri biyu ne ke shiga ƙarƙashinsa. Akwai wanda ƙafarsa ƙaton zobe ne, matuƙi yana zaune a cikinsa tare da inji, a nan za a kira shi mai zaman ciki. Akwai kuma wanda tayarsa ƙarama ce, matuƙi yana tsaye ko zaune a bisanta, shi kuwa za a kira shi mai hawan bisa. Na farkon shi ne tsohon yayi, kuma a kansa yawancin bayanin zai tsaya.

ƘIRARSA DA TAƘAITACCEN TARIHINSA

Mai zaman ciki kashi biyu ne. Akwai zoben waje, wanda shi ne ke taɓa ƙasa yana mirginawa, da taya a jikinsa. Akwai kuma firam na ciki, wanda ke ɗauke da kujera da inji da tankin mai. Firam ɗin nan ba a ɗaure yake da zoben ba, yana zaune ne a kan waɗansu 'yan ƙananan ƙafafu masu bin cikin zoben kamar yadda jirgin ƙasa ke bin dogo. Ɗaya daga cikinsu ita ce inji ke juyawa. Abin da ke riƙe matuƙi a ƙasa, kansa a sama, shi ne nauyinsa da na inji sun taru a ƙasa da cibiyar zoben.

An fara ne da ƙarfin mutum. A cikin 1869 wani maƙeri mai suna Rousseau ya yi irin wannan keke a Marseille ta ƙasar Faransa, a shekarar ce kuma Richard Hemmings na garin New Haven a Amurka ya yi rajistar nasa, wanda ake murzawa da hannu. Da injin fetur ya bayyana, sai aka ɗora shi. An nuna na kamfanin Garavaglia a Milan ta Italiya a 1904, sa'an nan a 1923 wani Ba'italiye, Davide Cislaghi, ya fito da nasa wanda aka sani da sunan Motoruota. Wanda ya fi su shahara shi ne Dynasphere na Dokta John Archibald Purves, mutumin Taunton a Ingila, wanda ya yi rajistarsa a 1930. Tsayinsa mita 3, nauyinsa wajen kilo 450, an saƙa jikinsa da ƙarfe kamar raga. A 1932 aka gwada shi a kan rairayin bakin teku na Brean, kusa da Weston-super-Mare, ya yi gudun da ya kai kilomita 40 zuwa 48 a awa. Jaridu da mujallun zamanin sun yi ta buga hotonsa, amma bai wuce matakin gwaji ba.

Abin lura a nan shi ne, mutanen nan ba su rasa hujja ba. Ƙatuwar ƙafa ta fi ƙarama sauƙin haye rami da gargada, kuma abin da ke da ƙafa ɗaya ya fi mai huɗu ƙarancin sassan da za su goge ko su lalace. A takarda, hujjar tana da kyau.

YADDA YAKE TAFIYA, DA YADDA YAKE ƘIN TSAYAWA

Sa'ad da matuƙi ya ba da wuta, abin da ke fara motsi shi ne firam na ciki. Yana ɗan hawa gangaren zoben ta gaba, watau matuƙi ya ɗan yi rigingine yana duban sama. Da zarar nauyinsa ya wuce daidai inda taya ke taɓa ƙasa, sai nauyin ya rinjayi zoben ya mirgina gaba. Muddin inji na aiki, firam yana ta hawa, zobe yana ta mirginawa a ƙarƙashinsa. Ashe ke nan injin bai tura ƙasa kai tsaye ba, aikinsa shi ne ya riƙa ɗaga nauyi, nauyin kuma ya ja abin hawan.

Birki kuwa akasin haka ne. Idan aka taka shi, firam ya kama zobe, zoben kuma ya ja firam ɗin baya ya haura da shi, matuƙi ya koma yana duban ƙasa. Nauyinsa da ya koma baya shi ne ke rage gudun. To a nan matsalar take, domin ƙarfin wannan nauyi yana ƙaruwa ne yayin da firam ke hawa, har ya zo kusa da daidai tsayin cibiyar zoben. Daga nan kuma ba sauran ƙari. Idan birkin ya fi abin da nauyin zai iya ɗauka, firam da zobe sun zama abu guda ke nan, sai matuƙi ya bi zoben ya haura ta sama, ƙafafu a bisa kai a ƙasa, ya yi ta wuntsilawa tare da abin hawansa, gudun kuwa bai ragu da wani abin kirki ba. Turawa sun ara wa wannan hatsari suna daga wani ɗan ƙaramin ɓera da suke kiwo a keji, wanda sukan sa wa 'yar ƙafa mai juyawa ya riƙa gudu a ciki, in ya tsaya farat ɗaya sai ta yi sama da shi. Haka nan zai faru ta gaba idan aka ba da wuta da ƙarfi, ko kuwa idan zoben ya cije a bakin wani tudu ko ya kafe a laka alhali inji yana ci gaba da juyawa.

Ana iya auna iyakar nan da lissafi. A ƙaddara ga babur wanda tsayin zobensa mita ɗaya da rabi ne, nauyin zoben kilo 30, matuƙi da inji da firam kuwa kilo 150, cibiyar nauyinsu tana santimita 30 ƙasa da cibiyar zoben. Idan aka lissafa, za a tarar mafi ƙarfin birkin da wannan babur zai iya ɗauka bai wuce kashi 3 cikin 10 na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ba. In yana gudun kilomita 60 a awa, sai ya ci wajen mita 47 kafin ya tsaya. Mota mai lafiyayyen birki a kan busasshiyar kwalta takan kai kashi 7 cikin 10, watau wajen mita 20 sun ishe ta a wannan gudu. Mita 47 ɗin ma lissafin takarda ne, domin sai matuƙi ya yarda an ɗaga shi har ya kusa kwanciya rub da ciki a iska, yana bakin wuntsilawa, kafin ya same su. Mai hankali wanda ya tsaya a karkatar digiri 30 zai bukaci wajen mita 75. Duk wanda ya san yadda akuya ko yaro kan faɗo titi ba zato ba tsammani ya san abin da bambancin mita 20 da mita 75 yake nufi.

Kuma kada a zaci ƙarin ƙarfin inji ko ingancin birki zai kawo gyara. Iyakar tana cikin awon nan ne, watau nisan nauyi daga cibiya idan aka gwada shi da girman zoben. Ana iya saukar da inji ƙasa ƙwarai don a ƙara nisan, amma mutum yana da tsawo, ba yadda za a yi a dunƙule shi a gindin zobe. Wannan awon ne kuma ke yanke irin tudun da baburin zai iya hawa. Na misalin nan ba zai hau gangaren da ya wuce digiri 19 ba, ko da injin jirgin sama aka sa masa.

Waɗansu maƙera sun nemi mafita ta hanyar sa wata 'yar ƙafa ko sandar ƙarfe a baya ko a gaba, wadda za ta dafa ƙasa idan firam ya fara hawa. Dabarar tana aiki, sai dai da zarar ta dafa ƙasa abin ya tashi daga mai ƙafa ɗaya. Waɗansu kuma, kamar Alfred D'Harlingue na St. Louis a Amurka cikin shekarun 1910, sun sa farfela irin ta jirgin sama ta riƙa jan abin, don kada tafiyar ta dogara ga hawan firam. Wannan ya rage hatsarin tashi, amma ya bar na tsayawa, ya kuma ƙara wani sabo, domin farfela mai juyawa a tsakiyar jama'a ba abin wasa ba ce.

SHAN KWANA

Wanda ya taɓa kallon yara suna wasan gare-gare, suna tura wilin keke da kara, ya riga ya ga rabin bayanin nan. Wilin da ba zai iya tsayuwa shi kaɗai ba, da an tura shi da gudu sai ya miƙe ya tafi sak. In ya karkata dama, sai ya juya dama da kansa, juyawar kuma ta ta da shi. Sa'ad da gudu ya ragu sai ya fara tangaɗi, ya yi 'yar da'ira, ya faɗi. Haka kwabo yake yi in an gara shi a kan siminti, haka kuma mazari yake tsayawa a kan tsininsa muddin yana juyi. Duk abin da ke juyawa da sauri yana ƙin a sauya masa fuska, in kuwa an tilasta masa, ba ya bin inda aka tura shi kai tsaye, sai ya ba da amsa ta wata fuskar.

Mai keke ko babur na yau da kullum yana da kan keke a hannunsa. In ya ji zai faɗi hagu, sai ya ɗan juya ƙafar gaba hagu, ƙafafun su koma ƙarƙashinsa, ya miƙe. Yana yin haka sau da yawa a cikin minti guda ba tare da ya sani ba. Mai zaman ciki ba shi da wannan. Abin da yake riƙewa a hannu madafa ce kawai da totur da birki, ba ta juya kome. In yana so ya yi dama, tilas ya karkata jikinsa dama ya jira zoben ya amsa. Amsar kuwa ba ta da ƙarfi, domin sa'ad da ya jefa kafaɗarsa dama, ƙugunsa da ƙafafunsa suna tura baburin hagu, saboda haka abin da nauyin duka ya gusa kaɗan ne. Gwargwadon nauyin zoben da saurin juyinsa, gwargwadon taurin kansa.

Ga kuma lissafin faɗin kwana. Abin hawan da ya karkata digiri 10 yana gudun kilomita 20 a awa zai zagaya da'irar da ke da wajen mita 18 daga cibiya zuwa baki. In gudun ya ninka uku ya zama kilomita 60, da'irar za ta ninka tara, ta haura mita 160, ba a ma sa taurin kan zoben a lissafi ba. Mai babur na kullum yakan magance wannan da ƙara kwanciya cikin ƙiftawar ido. Mai zaman ciki kuwa a hankali yake samun karkatar, a hankali kuma yake fita daga cikinta. Ma'ana, ba ya iya kauce wa abin da ya tare shi, alhali an riga an ga ba ya iya tsayawa kafin ya isa gare shi.

Dabarar da matuƙa suka fi amfani da ita in suna tafiya sannu ita ce jan ƙafa a ƙasa. In mutum ya dafa ƙafar hagu, baburin ya juya hagu, kamar yadda kowa zai zata. Amma akwai wani tarko a nan wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Da zarar gudu ya wuce na tafiyar ƙasa, zoben ya fara nuna halin nan na abin da ke juyi, watau ba da amsa ta wata fuska. Jan ƙafar hagu yana neman murɗa zoben hagu, shi kuwa maimakon ya murɗu, sai ya kwanta dama, kwanciya dama kuma ta kai shi dama. Gwanaye sun san haka, har suna amfani da shi da gangan, su taɓa ƙasa da ƙafa ɗaya don su kwantar da shi, su taɓa da ɗayar don su ta da shi. Amma sabon shiga wanda ya koyi abin a fili yana tafiya sannu, ranar da ya firgita yana cikin gudu zai sa ƙafar da jikinsa ya saba, baburin kuwa ya nufi ainihin abin da yake gudun karo da shi. Abin hawan da umurni guda ke ba da sakamako biyu masu saɓani gwargwadon gudu, da wuya a miƙa shi ga jama'a.

Maƙeran sun san da wannan rauni, kowa kuma da tasa dabara. Cislaghi ya yi wa nasa sitiyari wanda ke karkata zoben ya bar kujera kusan a miƙe, wannan kuwa ita ce mafi ma'ana a cikin dabarun, domin ta ba hannu aikin da a da kafaɗa ke yi. E. J. Christie na garin Marion a jihar Ohio ya fito a 1923 da wani ƙato mai tsayin fiye da mita 4, wanda ya sa wa manyan faya-fayan ƙarfe biyu masu juyi, ɗaya a kowane gefe, don su riƙe shi su kuma taimaka wajen juyawa, amma bai kai kasuwa ba. Shi kuwa Purves ya bi ta wata hanya dabam. Ya faɗaɗa zobensa ya lanƙwasa bayansa, ya zama kamar an yanko tsakiyar ƙwallo. Da yake nauyi yana ƙasa da cibiyar ƙwallon, Dynasphere yana tsayuwa da kansa ko ba ya tafiya, in an tura shi gefe ya dawo. Ya rabu da matsalar faɗuwa ke nan. Sai dai abin da ke hana shi faɗuwa shi ne kuma ke hana shi karkata, karkata kuwa ita ce kwana. A hotunan gwajin an ga matuƙi yana leƙo da rabin jikinsa waje don ya rinjaye shi, to me nauyin mutum guda zai yi wa ƙarfe mai kilo 450? Daga baya aka sa masa sitiyari mai gusar da ɗakin matuƙi gefe, duk da haka juyinsa bai kai na mota ba.

Akwai waɗansu ƙananan illoli da ba sa bukatar dogon bayani. Zoben yana wucewa ta gaban fuskar matuƙi daidai, saboda haka sai ya riƙa leƙe ta gefensa. Purves ya dogara ga cewa ragar ƙarfensa takan zama kamar babu ita in tana juyi da sauri, kamar yadda ake gani ta cikin fanka. Daɗin daɗawa, duk taɓo da ruwa da tsakuwar da taya ta kwaso sai ta haura da su ta zubo wa na ciki a ka. Wurin fasinja da kaya kuma ƙunci ne.

MASU NEMAN SUNA DA GUDU

Da yake mai zaman ciki ya fi son miƙaƙƙiyar hanya wadda ba kowa a kanta, ba abin mamaki ba ne da ya ƙare a hannun masu gasar gudu da masu nishaɗi. Kerry McLean na jihar Michigan a Amurka ya fara ƙera nasa tun farkon shekarun 1970, kuma a 2001 ya kafa tarihin gudun mil 57 a awa, watau kusan kilomita 92. A shekarar ce wani babba da ya ƙera da injin mota mai silinda 8 ya yi tangaɗi ya kife da shi wajen gwaji, ya tsira da ransa ya ci gaba da ƙira. A 2015 Kevin Scott ya yi kilomita 98 a awa a filin jirgin sama na Elvington a Ingila, a 2019 kuma Mark Foster ya kai kilomita 117 a wannan fili. In aka dubi inda ake yin gasar, watau titin saukar jirgi, shimfiɗaɗɗe, mai tsawon da mutum zai saki totur ya bar abin ya rage gudu a hankali, za a ga cewa ba a warware matsalolin da aka ambata ba, wuri aka samu inda ba su tasowa. An kuma ga masu murzawa da ƙafa, an ƙawata su da fitilu, a bikin rufe wasannin Olamfik na Beijing a 2008.

MAI HAWAN BISA

Abin da ya shiga kasuwa sosai shi ne iri na biyu, kuma sai da aka samu batir mai ƙarfi da 'yar ƙaramar kwamfuta kafin ya yiwu. Shane Chen ya fito da Solowheel a 2011, taya guda mai injin lantarki a cikinta, da matakai biyu a gefe inda mutum ke tsayawa. Bayansa aka samu Onewheel na kamfanin Future Motion a jihar Kalifoniya, wanda shi allo ne da ƙatuwar taya a tsakiya, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya.

A nan an juya lissafin. Nauyin mutum yana bisa cibiyar taya, saboda haka kullum yana shirin faɗuwa, kamar sandar da yaro ya tsayar a tafin hannunsa. Yaron yakan bi sandar da hannu duk inda ta karkata, haka ita ma tayar take yi. Waɗansu na'urori suna auna karkatar mahayi sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, in ya rusuna gaba injin ya ƙara gudu don tayar ta koma ƙarƙashinsa, in ya jingina baya injin ya rage. Ba totur, ba birkin hannu. Shan kwana ya yi sauƙi ƙwarai, domin tayar ƙarama ce mara nauyi, mahayi yana iya karkata ta da ƙafafunsa ko ya murɗa ta da ƙugu. Tsayawa ma ta fi ta mai zaman ciki, tun da yake mutum a tsaye yana iya kai nauyinsa baya sosai idan aka gwada da girman tayar.

To amma iyakar ba ta ɓace ba, wuri ta sauya. Injin nan aiki biyu yake yi lokaci guda, tafiya da riƙe mahayi, kuma daga rumbu ɗaya yake ɗibar ƙarfin duka biyun. Muddin akwai rarar ƙarfi, lafiya lau. Amma in mahayi ya kusa ƙure gudu, ko batir ya yi sanyi, ko ana hawan tudu da nauyi, ko taya ta faɗa rami, sai ya rusuna gaba injin ya rasa abin da zai bi shi da shi. Nan take goshin abin ya dafa ƙasa, mutum ya tafi ta ka, ba ƙafa ta biyu da za ta tare shi. Har gangara ma tana da nata hatsari, domin birkin lantarki yana mayar da wuta cikin batir, in kuwa batirin cike yake ba shi da wurin karɓa. Wannan rauni ya girmi mai ƙafa ɗaya. Segway, wanda ƙafafunsa biyu ne a jere amma da irin wannan dabara yake tsayuwa, an janye wajen guda 6,000 nasa a Amurka a 2003 don a gyara, saboda mahaya suna iya faɗuwa in batir ya kusa ƙarewa.

Masu ƙira sun sa gargaɗi iri-iri. Waɗansu na'urorin suna yin ƙara, waɗansu suna ɗaga matakan ko goshin allon don su tilasta wa mahayi ya jingina baya. Sai dai gargaɗin ɗaga goshi shi ma ƙarfin inji yake ci, kuma mahayin da iska ke kaɗa wa kunne, ko wanda ya saba danne gargaɗin, yana iya wuce shi. A watan Nuwamba na 2022 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina hawan Onewheel. Kamfanin ya yi gardama da farko, sa'an nan a watan Satumba na 2023 aka ba da sanarwar janye guda 300,000, bayan rahoton mutuwar mutum 4 tsakanin 2019 da 2021, dukansu daga raunin kai, aƙalla 3 daga cikinsu kuma ba su sa hular kwano ba. Gyaran da aka yi wa sababbin samfurori shi ne sauya umurnin kwamfutar, ta yadda allon zai riƙa karkarwa yana ƙugi a ƙarƙashin ƙafar mahayi in ya kusa iyaka, ko batir ya yi ƙasa. Samfurori biyu na farko kuwa, waɗanda ba su karɓar wannan gyara, an ce masu su su daina hawansu gaba ɗaya.